Ta'aziyyar Daso, Zuwa ga Matan Ɗan Isa

Iyayena da yayyena da ƙannena mata na Ɗan Isa, ina gaishe ku. Ya muka ji da haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu?

Gaisuwar nan ta fara isa Kano, wajen iyalan marigayiya Hajiya Saratu Gidado, wato Daso, da danginta da abokan sana'arta, don su ne masu makoki na haƙiƙa. Amma na san rasuwar Daso ta taɓa ku, kuma babu wanda zai shimfiɗa muku tabarma a zo a yi muku gaisuwa a kanta. Shi ya sa na ware muku taku.

Ranar Talata, 9 ga Afrilu, 2024, azumi na talatin, ta yi sahur ta koma ta kwanta, Allah ya karɓi abinsa. Shekarunta 56. Washegari Sallah. A yawancin gidaje labarin ya iske mata da lalle a ƙafa, wasu ana tsakiyar yi musu kitso, wasu suna gyaran kajin miya. Sai wata ta duba waya ta saki salati, gida ya yi tsit.

A shekarar 2000 ta shiga fim, da Linzami da Wuta na kamfanin Sarauniya da ke Kano, wato kamfanin da ya fitar da Sangaya shekara guda kafin nan. Manyanmu za su tuna zamanin. Kaset ne, ana sayo shi ko a karɓo haya daga Kaura, gida ɗaya a unguwa ke da talabijin da bidiyo da ɗan janareto. Bayan isha'i mata su cika tsakar gida, yara a gaba kan tabarma, tsofaffi a baya kan kujerun tsugunno. Da Daso ta bayyana, ta ɗaure ɗankwali ta turo shi gaba, ta riƙe ƙugu, ta zare ido ta ja tsaki, sai ka ji wata gwaggo daga baya ta nuna akwatin da yatsa tana cewa, "Wagga mata ba ta da imani!" Tana faɗa tana share ido da haɓar zane. Gobe kuma ita ce ta farkon zuwa, tana tambaya ko akwai Daso a cikin na yau.

Mai kallo yakan ɗauka yarinyar da ke kuka a fim ita ce ta sa shi hawaye. A ganina rabin aikin nata ne, rabin kuma na mai cutar da ita. In uwar miji ko kishiyar uwa ba ta iya muguntar ba, in ana ganin alamar wasa a fuskarta, tausayin marainiya ba zai shiga zuciyar kowa ba. Daso ta iya. A Nagari da Gidauniya da Mashi da Sansani da sauran finafinai masu ɗimbin yawa, ta yarda ta ɗauki matsayin da 'yan wasa da dama ke gudu, ta sha zagi da tsinuwar mutanen da ba su taɓa ganin ta ido da ido ba, fiye da shekara ashirin. Waɗanda suka yi aiki da ita kuwa, da ta rasu, raha da faram-faram da son mutane suka yi ta ambata.

Ku kuma kun fi ni sanin cewa kukan da ake yi a gaban akwatin nan ba duka na marainiyar fim ba ne. Mu mutane ne da aka tarbiyyantar a kan kunya da kawaici. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, balle ta bari a ga hawayenta saboda shi. Mace ta sha wuya a gidan miji, in ta je gida a ce mata ta yi haƙuri ta koma. To ina za ta kai abin da ke cin ta? Sau da yawa sai a cikin duhun kallo, inda kowa ke sharar ido, babu mai tambayar wata dalili. Wata kishiyar uwarta ta tuna, wata 'yarta da ke aure a nesa, wata ɗan da ta binne.

Daga baya ƙasarmu ta shiga abin da ta shiga. Daga Kaura zuwa Zurmi zuwa Shinkafi, da wuya a sami gidan da ɓarayin daji ba su sa shi zaman makoki ko neman kuɗin fansa ba. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako, mutum ba ya jin ɗuriyar ɗan'uwansa da ke garin gaba. Abin da ya rage a wayar shi ne finafinan da aka tura a memori. Da su mata da yawa suka riƙa rage dare, murya ƙasa-ƙasa, kunne ɗaya a kan fim, ɗaya yana sauraren ƙarar babura. Wanda ya ɗebe maka kewa a irin wannan dare ya yi maka abin da ba a mantawa, ko bai san sunan garinku ba.

Na ji masu cewa ai 'yar fim ce, me za a yi wa kuka. Wannan magana ba ta yi mini daɗi ba. Musulma ce 'yar'uwarmu, ta nemi abincinta da sana'arta, ta cika da niyyar azumi a ranar ƙarshe ta watan rahama. Hisabi na Allah ne, namu shi ne abin da aka koya mana: ambaton mamaci da alheri da roƙa masa gafara. Hawaye kuma ba laifi ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idanunsa sun zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Kururuwa da yagar tufafi da maganar da ke nuna ƙin ƙaddara aka hana.

Ba ita ce ta farko ba cikin 'yan wasan da muka rasa. Ahmad S. Nuhu ya tafi a hatsarin mota ranar 1 ga Janairu, 2007, da ƙuruciyarsa. Rabilu Musa Ibro a Disambar 2014, Hauwa Maina a Mayun 2018, Aminu S. Bono da Samanja Mazan Fama a Nuwambar 2023. Dukkansu har yau suna magana a cikin wayoyinmu, suna dariya, suna faɗa. Mu wannan yana sanyaya mana rai, amma ga iyalansu abu ne mai nauyi: kana zaune sai muryar mamacinka ta fito daga ɗakin maƙwabta. Iyalan Hajiya Saratu, Allah ya ba ku juriyar wannan, ya sa duk ranar da kuka ji muryar a sami bakin da ya yi mata addu'a.

Ban ce ku daina kallon finafinanta ba. Ku neme su, musamman na farko-farkon, ku nuna wa 'yan matan da suka san ta a TikTok kawai, su ga yadda ake wasan da ke sa dattijuwa kuka. Roƙona ɗaya ne. Duk wadda ta taɓa tsine mata saboda abin da ta gani a fim, ta janye, ta musanya da addu'a. In kun idar da sallah kuna lissafa mamatanku, iyaye da maza da 'ya'ya da waɗanda aka kashe a gona da kan hanya, ku sa sunan Saratu a ciki.

Allah ya jiƙan ta, ya gafarta mata, ya sa Aljanna ce makomarta. Allah ya jiƙan namu na Ɗan Isa, ya dawo mana da waɗanda ke hannu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.