WA KE DA IKON RAƊA WA DUTSE SUNA?

Ya kai mai karatu, in aka yi haihuwa uba ne ke raɗa suna ran bakwai, a yanka rago, a raba goro, kowa ya shaida. To dutse fa? Kogi fa? Su da ba su da uwa ba su da uba, wa ya isa ya ce ga sunansu?

Mutanen da dai ba su wahalar da kansu ba, abin da ido ya gani shi baki ke faɗi. Kalmar Chadi daga harshen Barebari ta fito, ma'anarta kuwa tafki, wato duk wanda ya ce Tafkin Chadi tamkar ya ce tafkin tafki ne bai sani ba. Babban kogin nan da muke kira Kwara, mutanen Songhai Isa Ber suke ce masa, wato babban kogi, can sama kuma Mandinkawa su ce Joliba. Ruwa ɗaya, suna barkatai, kuma ba a taɓa zare takobi a kan haka ba.

Sai ga baƙi da alƙalami da taswira. A 1858 wani Bature, John Speke, ya tsaya a bakin tafkin da ya fi kowane girma a Afirka, ya ce daga yau sunansa Victoria, sunan sarauniyar Ingila. Alhali masunta sun shekara aru-aru suna jefa taru a cikinsa, Baganda na kiransa Nalubaale. Haka aka yi wa dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya: mutanen Tibet na ce masa Chomolungma, amma a 1865 aka liƙa masa sunan George Everest. Abin dariya, shi kansa Everest ɗin ya nuna bai so, don ya ce mutanen ƙasar ba za su iya furta sunan ba. Aka yi kunnen uwar shegu da shi.

Ni a ganina wannan ƙwace ne. Wanda ya goge sunan da ya tarar, cewa yake yi waɗanda ya samu a wurin ba su kai a ƙirga da su ba.

Amma tsaya, kada mu yi saurin tafi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu Musulmi muna alfahari da Jabal Ɗariƙ, wato Gibraltar, dutsen da ya ɗauki sunan Ɗariƙu bin Ziyad bayan ya ƙetara zuwa Andalus a 711. Shin dutsen ba shi da suna kafin nan? Yana da shi mana, Rumawa na kiransa Calpe. In na Speke ƙwace ne, to da wane ma'auni za mu auna wannan? Mudun da ka auna wa Bature shi za ka auna wa ɗan'uwanka, in ba haka ba son zuciya ne ke magana.

Abin da ke burge ni shi ne Kanawa. Dala sunan mutum ne, kakan Barbushe mai bautar Tsumburbura. Wangarawa suka kawo Musulunci zamanin Sarki Yaji, jihadin Shehu Ɗanfodiyo ya zo ya ci Kano, Turawa suka shigo a 1903, duk ba wanda ya ce a sauya wa dutsen nan suna don mai shi bai yi salla ba. Malamai da waliyyai sun zauna a gindinsa, imaninsu bai ragu da ƙwayar gero ba. Tsafin ya mutu, sunan ya zauna yana ba yara labarin inda aka faro.

Sai dai ko a nan gida maganar ba ta ƙare ba. Mu muna cewa Kogin Kaduna daga kada ya samo suna, saboda yawan kadojin da ke cikinsa a da. Je ka tambayi waɗanda aka tarar a bakin kogin, wasunsu za su ce maka a'a, sunan daga harshensu ya fito. Su kansu Gbagyi suke kiran kansu, mu kuwa har gobe Gwarawa muke ce musu.