Illar Tuƙar Baƙin Ciki

 

A watan Mayu na 2021 wani jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara a ƙasar Ngaski, jama'a da yawa suka halaka. Aka yi zaman makoki, aka watse. Amma irin wannan rashi yakan bar wani yana kwana yana tambayar kansa dalilin da ya sa ya bar ɗansa ya shiga jirgin.

Baƙin ciki ba zunubi ba ne. Annabi Yaƙubu (AS) ya yi juyayin Yusufu har idanunsa suka yi fari, amma ya kai kukansa ga Allah, kuma bai yanke ƙauna ba. Abin tsoro shi ne mutum ya riƙa dawo da abin da ya wuce yana taunawa, kamar yadda saniya ke tuƙa. Ita saniya ƙiba take yi, shi kuwa ramewa. Hadisi ya zo a Sahihu Muslim yana hana faɗin da na yi kaza da kaza ya faru, domin wannan kalma ƙofa ce ga aikin Shaiɗan.

Binciken likitoci ya dace da haka. Tun 1991 wata masaniya a Amurka, Susan Nolen-Hoeksema, ta bayyana cewa wannan saƙe-saƙe yana tsawaita ciwon damuwa. Barci ya ƙaurace, abinci ya fita rai, mutum ya ga hanya ta toshe, har ya fara tunanin halaka kansa, abin da aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana, tare da tunatar da rahamar Allah.

To, ina mafita? Kada mai damuwa ya kaɗaita. Ya lazimci jam'i, ya koma gonarsa ko komarsa, ya faɗa wa amini abin da ke cinsa. Wanda kuwa aka ji yana cewa ya gaji da duniya, kada a ce masa imaninsa ne ya yi rauni. A zauna da shi, a saurare shi, a kawar da maganin ƙwari daga ɗakinsa, a kai shi babban asibitin Yauri ko na Kware. Malam Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta cewa wani baƙin cikin daga jiki yake, yana bukatar magani. Neman magani kuwa bai saɓa wa tawakkali ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya yaye wa masu damuwa, amin.