Ɗigon Jinin da Ba Ya Cikin Lissafi

Muna yara a Briqueterie, in zazzaɓi ya kayar da mu, Nivaquine inna take ɗura mana, mu kwana muna susa. Sannu a hankali maganin ya daina ci. A 2000 masana suka gano dalili: wani sauyi ne a ƙwayar gadon ƙwayar cutar, wadda suka kira pfcrt. A 2002 Kamaru ta ajiye maganin. Farfesa Wilfred Mbacham na Jami'ar Yaoundé I ya shafe shekaru a Nkolbisson yana bin sawun irin wannan turjiya.

Boko yana auna irinsa da yawan takardunsa da sau nawa aka ambace su. Ban raina wannan mudu ba, gumi ne. Sai dai kowace takarda tana tsaye ne kan jinin da uwa ta miƙa yatsan ɗanta aka ɗiba, kuma sunanta ba ya ciki.

Sabon maganin da ke asibiti ya biya wannan bashi, ko sai an dawo unguwa an faɗa mata abin da aka gani, cikin harshenta? Ni na karkata ga na biyu. Da na tambayi inna, cewa ta yi, ita dai yaron ya tashi.