Ko Littafin Hikaya Yana Iya Buɗe Idon Zuciya?

Akwai wata gardama da ba ta mutu ba tukuna cikin ekklesiyoyinmu na ƙasar Zuru, har da Mahuta. Waɗansu dattawa suna cewa mai-bi ba shi da abin nema cikin littafin hikaya, gama ƙagen mutum ne, ƙage kuwa ƙanen ƙarya ne. Ba na raina maganarsu. Mishan ta UMS ta zauna Zuru a 1925, Littafi Mai Tsarki kuma ya fito dukansa da Hausa a 1932. Iyayenmu da yawa, Fakkawa da Dakarkari waɗanda ba da Hausa aka goye su ba, sun sha wahalar koyon karatu saboda wannan Littafi kaɗai. Wanda ya sayi abu da tsada ba ya so a jera masa shi da tarkacen kasuwa.

Amma mu duba cikin Littafin kansa. Sa'anda Sarki Dawuda ya ɗauke matar Uriya, ya kuma sa aka kashe mijin a wurin yaƙi, ba rashin sanin Shari'a ya kai shi ba. Ya san ta sarai. Annabi Natan kuwa bai zo ya karanta masa ita ba. Labari ya kawo, na wani mawadaci mai garkuna da yawa, wanda ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta wani matalauci ya yanka wa baƙonsa. Kowane manomi a Mahuta ya san abin da tunkiya ta ke ga gidan da ba shi da wata. Sarki ya husata, ya yanke hukunci, kana annabi ya nuna masa kansa ya yanke wa. Da an fara da tsautawa, da wataƙila ya kawo hujja, gama kowa gwani ne wurin wanke kansa. Labarin ya shiga ta ƙofar da ba a sa mata mai-tsaro ba. Misali ne Natan ya tsara, ba kuwa wanda ya taɓa ce da shi maƙaryaci.

To, littafin wanda ba mai-bi ba fa? Bulus da kansa ya ɗauko maganar mawaƙan Helenawa sa'anda ya ke wa'azi a Atina. Mu ma muna da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. A ciki aka sace yaro, uwarsa ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita, ta ƙetare hamada, ta same shi a Tarabulus, ba ta daɗe ba ta rasu. Ƙasarmu ba baƙuwar wannan ba ce. Kakanninmu sun ga harin bayi daga Kontagora kafin 1901. Ran 17 ga Yuni 2021 kuma aka kwashe 'yan makarantar gwamnatin tarayya a Birnin Yawuri, waɗansu 'yan matan suka kusa shekara biyu a daji.

Maganar Allah ta umurce mu mu yi kuka tare da masu kuka. Mun haddace wannan, amma sau nawa mu kan ji an sace ɗan wani, mu ce Allah ya kyauta, mu koma ga tuwonmu? Wanda ya bi uwar Umar shafi bayan shafi, a ganina, da wuya ya faɗi haka da sauri. Hikaya ba ta iya gafarta zunubi, ba ta kuwa yi mana alkawarin kome, saboda haka ban ɗora ta kusa da Littafi Mai Tsarki ba. Sai dai ta kan sassauta ƙasa kafin shuka.

Ga shawara ga zumuntar mata da ƙungiyar matasa a Mahuta. A karanta tafiyar uwar Umar wata yamma, kana a buɗe Farawa sura 37, inda aka kawo wa Yakubu rigar Yusufu da jini, 'ya'yansa suka taru su yi masa ta'aziyya, ya ƙi karɓa.