Jama'ar Kilomita Biyar, Tasha Ba Ta Nuna a Wata Uku



Unguwarmu ta Kilomita Biyar a nan Bangui ta san haƙurin kasuwa. Ɗan kasuwarmu yakan sayi kaya a Duwala, ya jira mota ta ƙetare iyaka a Garoua-Boulaï, ta ratso Bouar har Bangui, ba ka jin ya ce ya gaji. To, don me ɗansa zai buɗe tasha a YouTube ranar Juma'a, ranar Litinin ya zauna yana cizon yatsa don masu kallo ba su wuce 'yan gidansu ba?

Matasa, mu yi lissafi irin na bakin shago. Tun 2018 YouTube ya gindaya sharaɗi ga mai son kuɗin talla: mabiya 1,000, da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Idan bidiyonka na minti goma ne, sai an kalle shi daga farko har ƙarshe sau 24,000. Wa ke kai bidiyo ƙarshe a garin da ake sayen data da taka-tsantsan, ake jiran wutar lantarkin Boali ta dawo kafin a yi caji? Ko ka cika sharaɗin, kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar ne rabonka, kuma ba a turo maka sai ya kai dala 100. Ba kowace ƙasa ce ma ke cikin tsarin biyan ba. Najeriya da Ghana da Senegal suna ciki. Kafin ka sayar da babur ka sayi kyamara, je ka nemi sunan tamu a jerin.

Ana kafa mana misali da MrBeast na Amurka. Ya fara a 2012, duniya ba ta waiwaye shi ba sai a 2017. Shirin Izzar So da muke bi tun 2020 kuwa, Lawan Ahmad ya daɗe yana shan ranar Kannywood kafin ya fito da shi.

Iyaye, ku ma da naku. Yaro ya yi wata biyu yana ɗaukar yadda ake gyaran waya ko yadda ake yin kilishi, yana bayani da Hausa da Sango, sai a fara tambayarsa ina kuɗin. In babu, a ce zaman banza yake yi. Kada ku bari ya bar shago ko makaranta saboda tasha, amma ku bar masa yammacinsa. Ko YouTube bai biya shi sisi ba, wanda ya ga aikin hannunsa yana iya kawo masa gyara.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda gaggawa ke kai mutum. Wanda ya ƙosa yakan gano cewa zagi da jita-jita sun fi koyar da sana'a jawo masu kallo. A wani garin wannan rashin kunya ce kawai. Mu nan mun ga rikicin Disambar 2013, mun san watannin da fita daga unguwa ta gagara, mun san abin da ya kawo Fafaroma Francis babban masallacinmu ranar 30 ga Nuwamba 2015. Bidiyon minti ɗaya da ya ce "an kashe namu" ba tare da tabbaci ba yana iya rufe kasuwa kafin azahar.

Don haka, Alhaji, in ka ga ɗanka ya ɗauko rigimar bakin kasuwa yana shirin ɗorawa, karɓi wayar ka kalla tukuna, ka tambaye shi wa ya gani da idonsa.