Mai Ƙidaya da Wanda Ake Ƙidayawa

Akwai wata tambaya wadda ya kamata duk wanda ya iya karatu ya tsaya ya yi tunani a kanta. Shin daidai ne a mai da marar lafiya lamba a cikin littafi? In mutumin Babura ya kai ɗansa asibiti, malami yakan rubuta shekarun yaron, da ciwonsa, da maganin da aka ba shi, da yadda ya ƙare. Daga nan a tara wannan rubutu da na waɗansu yara dubbai, a aika da shi wurin masana lissafi waɗanda ba su taɓa ganin fuskar yaron ba. Waɗansu mutane suna cewa wannan wulakanta ɗan Adam ne. Waɗansu kuwa suna cewa in ba da shi ba, babu yadda za a yi a san magani na gaskiya. To, bari mu auna maganar.

Da farko sai mu gane abin da ya sa likitoci suke ƙidaya. Manomi ya sani gona ɗaya ba ta isa shaida a kan iri. In ya shuka sabon irin gero ya yi kyau, watakila irin ne, watakila kuwa taki ne, ko damina ce ta yi albarka. Haka yake ga magani. Mutane da yawa sukan warke daga zazzaɓi ko sun sha magani ko ba su sha ba. Saboda haka in wani ya ce, "Na sha abu kaza na warke," ba ƙarya ya yi ba, amma maganarsa ba ta tabbatar da kome ba tukuna. Abin da masu bincike suke yi shi ne su raba marasa lafiya kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, don kada son rai ya shiga. Kashi ɗaya a ba su sabon magani, ɗaya kashin a ba su wanda aka saba da shi. Sa'an nan a ƙidaya nawa suka warke a kowane kashi.

Har wa yau gwaji ɗaya ma ba ya isa, gama yana yiwuwa dace ne kawai. Don haka akwai waɗanda aikinsu shi ne su tattaro gwaje-gwajen da aka yi a wurare dabam dabam a kan magani ɗaya, su zubar da waɗanda ba a yi su da kyau ba, su haɗa sauran su yi musu lissafi guda. Tsinken tsintsiya ɗaya ba ya shara, sai an ɗaure su.

Ga misali wanda ya shigo har cikin gidajenmu. A shekarar 2012 wani likitan yara na Jami'ar Kalaba, Martin Meremikwu, shi da abokan aikinsa suka haɗa gwaji 7 da aka yi a ƙasashen Afirka ta Yamma, irin su Senegal da Mali da Burkina Faso, a kan yara fiye da 12,000. Abin da aka gwada shi ne ba ƙananan yara maganin zazzaɓin cizon sauro loto-loto a lokacin damina, tun ba su kamu ba. Lissafin ya nuna wannan dabara tana kawar da wajen kashi uku cikin huɗu na zazzaɓin da zai kama su. A wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa yin haka a ƙasashe irin namu, inda zazzaɓi yake zuwa da damina. Wannan shi ne asalin maganin da ake bi gida gida ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wata wata, a Jigawa da Katsina da sauran ƙasashen Arewa. Yaron Roni ko na Gwiwa da ya wuce damina lafiya ya ci amfanin yaran Mali waɗanda iyayensu suka yarda aka ƙidaya su. Bai san su ba, su ma ba su san shi ba.

In haka ne, ashe wanda ake ƙidayawa yana da hakki a wuyansa. In malamin asibiti ya tambaye ka, "Ka ba yaro magani duka?" alhali ka ba shi na rana ɗaya ka ajiye saura, ka ce, "Na ba shi," ba malamin kaɗai ka ruɗa ba. Ƙaryar nan za ta shiga littafi, ta haɗu da ta waɗansu, har a zaci magani mai kyau ba shi da amfani. Haka kuma wanda ya ɓoye mutuwar jariri, ko ya ƙara wa yaro shekaru. Duk wanda ya ci moriyar gaskiyar da wani ya faɗa, ya kamata shi ma ya faɗi tasa.

Amma hakkin da ke wuyan mai ƙidaya ya fi nauyi, domin shi ne mai ilmi, shi ne mai iko. A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa ƙasar Hausa, mutane dubbai suka rasu. A cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada sabon magani, Trovan, a kan yara 200. Wajen rabinsu aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani magani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 daga cikin waɗanda suka sha Trovan, 6 daga ɗaya kashin. Daga baya iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musa, ya ce an yi musu bayani sun yarda. Aka yi ta shari'a, har a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Mai karatu, duba lambobin nan da kyau. Wanda ya dubi 5 da 6 kaɗai zai ce ai babu bambanci, ina abin ƙara? Amma abin da iyayen suka yi kuka a kansa ba ya shiga lissafi. Kukansu shi ne ba a nemi yardarsu ba. Lissafi yana iya gaya mana wane magani ya fi, amma ba ya iya gaya mana ko an girmama uban da ya kawo ɗansa a kafaɗa. Tun 1964 likitocin duniya suka yi yarjejeniya a birnin Helsinki cewa kada a sa mutum cikin gwaji sai an yi masa bayani ya yarda. Bayanin kuwa sai da harshen da yake ji, kuma in ya ƙi, ba za a hana shi magani ba.

Ɓarnar rashin amana ba ta tsaya wuri ɗaya. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, ba a koma ba sai 2004, cikin dalilan da mutane suka riƙa kawowa kuwa har da labarin Trovan. Ciwon ya yaɗu zuwa waɗansu ƙasashe, yara suka shanye. Sai a 2020 aka tabbatar an kawar da shan inna na asali daga Nijeriya.

Akwai waɗansu hakkoki biyu a kan mai ƙidaya. Na ɗaya, kada ya ɓoye gwajin da bai yi masa daɗi ba. In an yi gwaji 10, uku suka nuna magani yana aiki, bakwai suka nuna ba ya yi, aka buga ukun aka ɓoye bakwan, wanda ya zo haɗa lissafi daga baya zai yi kuskure ko da shi mai gaskiya ne. Wannan tauye mudu ne, irin wanda ake hukunta ɗan kasuwa a kansa. Na biyu, ya rufa asirin marasa lafiya. Yanzu ana zuba rubutun asibitoci cikin kwamfuta, ana tonon abin da ido bai gani ba, kamar wane magani ne yake jawo wata cuta daga baya. Wannan aiki ne mai amfani, amma sai an cire sunaye, gama ciwon mutum amana ce da ya ba likita.

To, mun komo ga tambayarmu. Mai da mutum lamba ba laifi ba ne in an yi shi domin a taimaki mutane, da saninsa, da yardarsa, da rufin asirinsa. Yana zama laifi sa'ad da mai ƙidaya ya manta cewa bayan kowace lamba akwai ɗan wani. Saboda haka kai da ka koyi karatu, in an kawo maka takarda a ce ka sa hannu, karanta ta tukuna. Tambayi wane magani ne, wa ya aiko da shi, me zai faru in ka ƙi. In maƙwabcinka bai iya karatu ba, ka karanta masa. In kuwa ka gamsu ka yarda, ka faɗi gaskiya duka ga mai rubutu. Allah ya ba mu lafiya da riƙon amana.