Farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum



'Yan uwa, akwai wani yaro a Islamiyyarmu ɗan shekara tara. Ana cikin karatu sai ya tsaya cak, ya ƙura ido wuri ɗaya, a kira sunansa shiru. Bayan daƙiƙa kamar goma ya dawo hayyacinsa, bai ma san an yi ba. Malaminsa ya sha zane shi a kan raini, ni ma na taɓa yi masa faɗa a gaban 'yan ajinsu. Da aka kai shi asibiti, ashe farfaɗiya ce. Astagfirullah.

Mu wadda muka sani ita ce ta faɗuwa, da sandarewa, da jijjiga, da kumfa a baki. To wannan nau'i ɗaya ne kawai. Likitoci sun bayyana cewa saƙonnin lantarkin ƙwaƙwalwa ne ke rikicewa na ɗan lokaci. In rikicewar ta game ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, ana iya faɗuwa, ana kuma iya irin ɗaukewar yaron nan. In a wuri ɗaya ta tsaya, sai ka ga hannu ɗaya na rawa, ko mutum yana taune-taune yana jan rigarsa, ko ya ji warin abin da babu shi. Nan da nan mu ce aljanu ne.

Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya kasa farfaɗiya gida biyu: ta shafar aljanu, da wadda sababinta daga jiki yake. Don haka ku yi ruƙya, amma ku je a auna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa in sun samu magani yadda ya kamata.

Matar nan da labarinta ya zo a Bukhari da Muslim, wadda ta zaɓi haƙuri a kan alƙawarin Aljanna, ta roƙi Annabi (SAW) ya yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa yayewa in ta faɗi. Suturarta ce ta dame ta. Mu kuwa yau waya muke ɗagawa.

In wani ya faɗi a gabanka, ko a sahu ne, kawar da abin da zai ji masa ciwo, ka juya shi a kan gefensa, ka suturta shi. Kada ka cusa masa cokali a baki, kada ka ɗura masa ruwa. Yawunsa ba ya sa wa kowa cutar. In ta wuce minti 5, a garzaya asibiti. In ya farfaɗo, sai ya sake alwala, tunda hankali ya gushe.

Yaron yana shan magani yanzu. Na kira shi na nemi yafiyarsa, a gaban 'yan ajin nan.